Ofishin tafintan 'yan kasuwa a Birnin Kebbi, da shirun da ake caji a kai

Akwai wani ɗan ofishi a nan Birnin Kebbi da ke haɗa 'yan kasuwa da kamfanonin ƙasashen waje ta kiran bidiyo, su ba ka tafinta shi zauna kusa da kai kuna magana da mai kaya kai tsaye, ko ɗan Chaina ne ko ɗan Indiya ko Baturke ko Bature. Ba zan kama sunansu ba, don ba su sa ni talla ba kuma akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba za su musu daɗi ba. Mu dai mun yi hulɗa da su a kan injin cire tsakuwa da na goge shinkafa na ɗan kamfanin kawuna, ni ke riƙe mishi lissafi da waya, saboda haka duk zaman da anka yi ina wurin, kuma na raka wasu mutanenmu ma nasu zaman.

Wanda ba ɗan harkar ba zai ce mi ya kai mai casar shinkafa ga tafinta. To tun da anka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, wato shirin ba manoma bashin noma, a nan Kebbi a watan Nuwamba 2015 noman shinkafa ya buɗe, ƙananan injina sunka cika ko'ina, Argungu, Jega, Suru, Bagudo, Yauri, kowa na son tashi ta fito fes ba tsakuwa ba karyayya don mai saye yanzu ya waye. Da can sai dai ka bi ta hannun dilolin Kano ko Legas ka sayi abin da sunka kawo a kuɗin da sunka ga dama, yanzu kuwa mutane na son magana da mai ƙera injin ɗin da kanshi, su tambayi ƙarfin mota, su tambayi kayan gyara, su ga injin na aiki a bidiyo kafin su tura kuɗin kafin alƙalami. Nan ne wanga ofishi ya samu kasuwa.

Wurin kanshi ba laifi. Ɗaki biyu ne, akwai sola don haka wuta ba ta yankewa a tsakiyar magana, akwai babban talabijin a bango da makirfo a kan tebur, kujeru masu kyau, ana kawo ruwa. Ayyukansu kiran bidiyo da tafinta, fassarar takardun ciniki, sai bin diddigin kaya har su iso tashar ruwa. Cajin kiran da rabin awa rabin awa ne, kuma kuɗin na motsawa in dala ta motsa. Wannan ke nan a taƙaice, abin da ya sa ni rubutu daban ne.

Suna da wani tafinta dattijo dattijo haka wanda ya yi karatu a Chaina ya kuma daɗe shina kai 'yan kasuwa baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara. Wlh mutumen ga shi ne ofishin. Kafin a danna kira sai ya zauna da kai ya yi maka 'yar bita, kuma wannan ba su caji a kai. Tambayar farko da ya yi ma kawu ita ce, "Baba Alhaji, in an faɗa maka kuɗi bai yi maka ba, mi kake yi?" Kawu ya ce "kurum nake yi, mai kaya ya san abin da nake nufi." Ya ce "to madalla, kada ka canza, ka yi kurum ɗinka yadda ka saba, amma ka sani wadda za mu yi magana da ita ma za ta yi nata, kuma nata ba irin naka ba ne, ka bar ni in saurare su duka biyu."

Haka kuwa anka yi. Matar kamfanin ta faɗi kuɗin injin, tafinta ya mayar da Hausa, kawu ya taya ƙasa sosai yadda aka saba a kasuwa, anka faɗa mata, sai ta yi murmushi ta duƙar da kai ta kama duba wata takarda ba ta ce komai ba. Kawu shi ma ya jingina ya kama jan carbi. Ni raina ya fara tashi don ina ganin ko netiwok ne ya tsaya ko ta ji haushi za ta kashe, na kalli tafinta, shi kuwa ya naɗe hannu shina kallon talabijin hankali kwance, bai ce ma kowa uffan ba, har sai da ita da kanta ta ɗago ta yi wata 'yar gajeruwar magana. Abin da ta ce wai za su yi nazari. Sai ya juyo ya ce "Baba Alhaji, abin da ta faɗa da baki ke nan, za su yi nazari, amma abin da na fahimta tayin ka bai karɓu ba, ba ta son ta ce maka a'a ido da ido ga ka dattijo ga baƙo, kuma ba ita ke da ikon ragi ba, akwai maigidanta. In ka matsa mata yanzu ta ba ka amsa ka sa ta a kwana, in ka ba ta hanya ta koma ciki za ta dawo da wani abu." Kawu ya ce a gaya mata ba gaggawa, ta yi shawara da manyanta. Daga baya saƙo ya shigo ta WeChat, manhajar tura saƙo ta 'yan Chaina, ba su rage kuɗin injin da yawa ba amma sun ƙara muna rariya da bel da robobin gyara a cikin kuɗin, wanda duk mai injin ya san su ne ke cinye mutum bayan an saya.

Abin da ya burge ni a nan shi ne yadda ya raba abu biyu, ya faɗi maganarta yadda ta faɗe ta, sannan ya ce ga abin da ni na fahimta. Bai cakuɗa su ba. Kuma shirun nan guda biyu da sunka haɗu a ɗakin, kowanne da ma'anarshi. Na kawu albarka ne, wato kuɗin ki bai yi ba ki sake lale. Nata kuwa kare mutunci ne, nata da nashi. In da tafinta ya tsorata da shirun ya cike shi da surutu, ko ya ce ma kawu "ƙara wani abu Alhaji ta yi fushi", da mun ƙara kuɗi a banza.

Mu Hausawa ai bai kamata wanga abu shi zama muna baƙo ba, mu da muke cewa kurum ma magana ce. Ka je fada ko ta Gwandu ko ta Argungu ka faɗi gaisuwa, ba sarki ke amsa maka da bakinshi ba, fadawa ne za su ce sarki ya gaishe ka, kuma ba wanda zai fito ya ce an wulaƙanta shi. Ka je ta'aziyya, an yi addu'a an shafa, sai a zauna jugum, zaman nan shi ne ta'aziyyar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, Bafulatana ma ko kallonshi ba ta cika yi a gaban mutane ba, kuma duk mun san ba ƙiyayya ba ce. Yaro ana mishi faɗa ya sunkuyar da kai bai tanka ba, mu a wurinmu ladabi ne. Ga hadisin da kowane ɗan Islamiyya ya haddace, wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Matsalar ita ce mun san namu sosai har muna ɗauka kowa a duniya haka yake karanta shi, kuma in wani ya yi nashi sai mu fassara shi da namu.

Zaman da munka yi da wani ɗan Indiya mai sayar da tukunyar turara shinkafa ya nuna min ɗaya gefen. Shi wannan bai barin fili ko kaɗan, kana cikin magana ya shigo, tafinta na cikin fassara ya ƙara wata, komi ka tambaya ba matsala ba matsala, ga kaɗa kai ɗin nan nasu gefe da gefe da ba ka gane e ne ko a'a. Da kawu ya yi kurum ɗinshi na albarka, mutumen ya ɗauka ko layi ya yanke, ya yi ta kiran halo halo, da ya ga muna nan sai ya ɗauka an gamsu ya wuce maganar yadda za a tura kuɗi. A nan dattijon ya canza salo gaba ɗaya, ya ce "Baba Alhaji wanga sai an faɗa mishi da baki, ka ba ni izini in ce mishi kuɗin bai yi ba." Sannan ya ja hankalinmu ga wani abu da ni ban taɓa lura da irinshi ba, ya ce mai yawan magana ma shina da nashi shirun, ku duba tambayar da ya tsallake. Mun tambayi kaurin ƙarfen tukunyar, ya ba mu labarin ƙasashen da ya kai kaya, munka sake tambaya ya koma maganar garanti. To a nan ne ya yi shiru, duk da bakinshi bai tsaya ba. Ba mu saya a wurinshi ba. Kuma don Allah kada wani ya ɗauka ina cewa duk 'yan Indiya haka suke ko duk 'yan Chaina haka suke, shi kanshi tafintan ya nanata muna cewa ya ga 'yan Chaina masu surutu da gaggawa musamman matasan da sunka saba da 'yan Afirka, al'ada tana ba ka inda za ka fara hasashe ne, sauran sai ka kalli mutumen da ke gabanka.

Na raka wasu manoman albasa na Aliero, abokan babana ne, za su yi magana da wani Bature ɗan Holan a kan iri. Mutumen ya yi bayani tsaf, kwana nawa irin ke yi, yadda yake jure ajiya, ya gama ya ce akwai tambaya? Ɗakin ya yi tsit. Ya jira ɗan kaɗan ya ce to tunda kowa ya gane bari mu ci gaba. Alhali ba wanda ya gamsu, akwai tambayoyi cike da bakin samarin da ke wurin, su ne ma ke shiga gona, amma ga shugaban ƙungiya zaune ga dattawa, wa zai riga su buɗe baki? Su kuma dattawan suna jiran su ji ta bakin juna tukuna. Tafintan ya nemi Baturen ya ba su minti kaɗan, ya kashe makirfo, ya ce "to iyayena, ku tattauna, yara ku ma ku faɗa ma Baba abin da ke ranku shi ya faɗa." Da anka kunna sai ga tambayoyi masu nauyi, ko irin na jure zafin watan Maris da Afrilu, ko kalar ta yi ja irin wadda 'yan kudu ke so, in bai tsira ba wa ke da asara. Baturen da kanshi ya ce ya ji daɗi don da ya ɗauka ba su damu ba ne. A wurinshi in ba ka yi tambaya ba ka gane, in ba ka musa ba ka yarda. A wurinmu in babba na zaune shirun yaro ba ya nufin komi sai cewa babba na zaune.

Wani abin da zan yaba musu shi ne suna ɗaukar shirun takarda da muhimmanci, kuma wannan ya fi na baki haɗari. Mu mun taso da ƙa'idar malaman fiƙihu da ake dangantawa ga Imamu Shafi'i cewa ba a jingina magana ga wanda ya yi shiru, sai a wuraren da shari'a ta ware. Dokar Ingila ma da tamu ta kwangila ta samo tushe daga gare ta haka take, akwai tsohuwar shari'a ta 1862 inda wani ya rubuta ma ɗan ɗan'uwanshi cewa in bai ji komi daga gare shi ba to ya ɗauka dokin ya zama nashi a kuɗi kaza, kotu ta ce sam, shiru bai ƙulla ciniki. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta cinikin kaya tsakanin ƙasashe ta 1980 ma a sashe na 18 ta ce shiru shi kaɗai ba karɓar tayi ba ne. Amma fa ba ko'ina abin ya tsaya nan ba. A Jamus in 'yan kasuwa biyu sun yi magana, ɗaya ya aiko da takardar tabbatar da abin da anka tattauna, kai kuma ba ka musa da wuri ba, ana iya ɗaukar abin da ke cikin takardar a matsayin abin da kunka yarda da shi ko da ya ɗan bambanta da maganar baki. A Turkiyya dokar kasuwancinsu ta ba ka kwana 8 ka ƙalubalanci takardar kuɗin kaya da anka aiko maka, in sun wuce ba ka ce komi ba ana ɗauka ka amince da abin da ke ciki. To ka ga ɗan kasuwarmu da ya saba in abu bai mishi ba ya share saƙon kawai ya ƙi amsawa, in takardar da ya sa ma hannu ta ce dokar ƙasarsu za a bi, wannan sharewar na iya zame mishi bashi. Ofishin ga duk takardar da ta shigo suna kiranka su karanta maka da Hausa su ce in ba ka yarda ba yau za mu rubuta a'a. Wannan kaɗai ya isa a biya su. Af, kuma game da Turkawa, in kana magana da su ka ji mutum ya ɗaga kai sama ya yi wani ɗan sauti da harshe, a'a kawai yake nufi, kada ka ce ya yi maka tsaki ka tashi.

To yanzu ga inda ban ji daɗinsu ba, kuma ina faɗa ne don ina son wurin shi gyaru, muna buƙatarshi.

Na farko tsarin cajin. Ta yaya za ka gaya ma mutum ya yi haƙuri da shiru, kada ya yi gaggawa, ya bar mai kaya ya yi tunani, sannan ka aje agogo a gabanshi kana ƙirga mishi minti? Abin da tafintansu ke koyarwa da abin da mai karɓar kuɗinsu ke yi sun saɓa. Na ga dattijo ɗan kasuwa da na san shi da sanyin ciniki a kasuwar Jega, mutumen da zai iya barin kaya ya tafi sallah ya dawo bai ƙara sisi ba, amma a ɗakin nan da yaron ofis ya leƙo ya ce saura minti biyar sai ya rikice ya sallama a kuɗin da bai so ba don kada a shiga sabon rabin awa. Kuɗin da ya tsira da shi na kira bai kai komi ba a kan abin da ya ƙara a kan kaya. Kamata ya yi su yi cajin zama guda, ko na ciniki guda komi tsawonshi, ko aƙalla su hana yaron nan leƙowa a tsakiyar magana.

Na biyu netiwok. Layi ɗaya gare su, in ya yi nauyi magana na makara sakan ɗaya ko biyu kafin ta isa. Mutum zai ce ai wannan ƙaramin abu ne, ba ƙarami ba ne. Akwai binciken da Tanya Stivers da abokan aikinta sunka fitar a 2009 a kan harsuna 10 na sassan duniya daban daban, sunka auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a hirar yau da kullum, sunka samu a matsakaici wajen kashi 1 cikin 5 na sakan ce. 'Yan Denmak da sunka fi kowa jinkiri ba su kai rabin sakan cikakke ba, Japanawa kuwa da ake ta cewa masu shiru ne su sunka fi kowa saurin amsawa. Kuma amsar e ta fi saurin fitowa a kan amsar a'a. Ma'ana kunnen ɗan Adam ko'ina yake ya saba da cewa in amsa ta makara to akwai wata a ƙasa. Saboda haka in netiwok ya riƙe "na yarda" ɗinka sakan biyu, wanda ke can ya riga ya ji kamar kana ɗari-ɗari, kai ma haka za ka ji nashi. Dattijon tafintan ya san wannan, da an fara kira yake gaya ma ɓangaren biyu cewa layi na da jinkiri kada kowa ya fassara shi, amma gyaran na gaskiya shi ne su sa layi na biyu. Wurin da sana'arshi ita ce sauraro bai kamata shi yi rowar data ba.

Na uku shi ya fi ci min rai. Suna da wani matashin tafinta na Turanci, Turancin shi ba laifi wlh ya iya, amma bai iya zama da shiru ba ko na sakan uku. Da ɗaki ya yi tsit sai ya ji dole shi ya ce wani abu. Na raka innata da matan ƙungiyarsu masu turara shinkafa, za su yi magana da wani mai sayar da ƙananan injinan busarwa. Mutumen ya kawo sharaɗin a biya kaso mafi yawa kafin a ɗora kaya, anka faɗa ma Hajiya shugabarsu, ta ja mayafi ta kalli ƙasa ba ta ce komi ba. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan shirun, ga namiji baƙo a talabijin, ga wani namiji a gefenta, ga kuɗin mata sama da nata a wuyanta, ba ta yarda ba kuma ba ta son ta yi gardama da maza a bainar jama'a. Kafin ta ɗago sai na ji yaron nan ya ce ma mutumen da Turanci wai ta amince. Na ce "Malam dakata, Hajiya ba ta ce komi ba." Ya ce ai ya ga ba ta musa ba. Wannan daidai yake da dillalin da ya sallama saniyar mutane mai ita na tsaye bai buɗe baki ba. Da Hajiya ta samu kanta muna waje cewa ta yi "ɗana, ni kuɗin marayu da zawarawa ne a hannuna, in ba su ga kaya a jirgi ba ba zan ba da fiye da rabi ba." Magana sarai mai hankali, kuma da an ba ta fili da ta faɗe ta a ciki.

Na san daga inda irin wanga tunani ke fitowa, mutane na jin hadisin da ya ce izinin budurwa shi ne shirunta sai su shimfiɗa shi a kan kowace mace a kowane zance. Wancan hukunci ne na wuri guda, an yi shi don kunyar yarinya a maganar aure, bai shafi Hajiya mai jikoki da ke cinikin injin da kuɗin ƙungiya ba. Kuma abin takaicin yaron Bahaushe ne, a nan ya tashi, ba baƙon da za a ce bai san kunya ba ne. Ya koyi Turanci har ya ɗauko kunnen masu shi ya aje nashi. Ba mu kaɗai ke da irin wanga shiru ba balle a ce ƙauyanci ne, wani masani Keith Basso ya rubuta a 1970 a kan ƙabilar Apache ta jihar Arizona a Amurka, ya nuna suna kame baki in sun haɗu da baƙo, da farkon neman aure, da lokacin da yaro ya dawo gida bayan doguwar tafiya makaranta, da zama da masu makoki, wato duk inda ba a gama sanin matsayin juna ba sai a jira. Hajiya ma jira take ta ga wa ke gabanta. Ofishin ga na buƙatar tafinta mace, ko ɗaya ce, don matan da ke harkar shinkafa a jihar ga ba kaɗan ba ne kuma kuɗinsu na shiga wurin. In ba a samu ba to a koya ma matashin nan jumla guda, ya ce ma mai kaya tana tunani a ba ta lokaci, shi ke nan.

Sai na ƙarshe, shirun 'yan ofishin su da kansu. Bayan an tura kuɗi kaya na hanya, lokacin da hankalin mutum ya fi tashi, sai ka tura saƙo a WhatsApp ka ga an buɗe ba amsa, ka kira a ce manaja ya fita. Wannan ba shi da wata fassara ta al'ada, rashin kula ne. Akwai lokacin da kamfanin Chaina ya ɗauke muna ɗif, kawu har ya daina cin abinci sosai don ya ɗauka an gudu da kuɗinshi, ashe hutun sabuwar shekararsu ne da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu na rufewa ma'aikata su tafi garuruwansu, akwai kuma wani hutun na farkon Oktoba. Ofishin sun san da wannan sarai, saƙon layi biyu ya isa ya kwantar da hankalin dattijo, amma sai da na taka na je da kaina sannan anka gaya min. Kayan sun iso lafiya daga baya, injin na aiki, shinkafarmu na fita ba tsakuwa, wannan kam alhamdu lillahi.

Wanda zai je, ga abin da zan ce mishi. Ka nemi dattijon da sunan mai Chaina ko da ba da ɗan Chaina za ka yi magana ba, don Turancin shi ma ya wadatar, in an ce bai nan ka ɗaga zaman. Ka je da wani naka da ke jin Turanci ko kaɗan ne ya zauna a gefe shina saurare. Ka faɗa tun farko cewa ba a amsa komi da sunanka sai ka furta da bakinka, mata musamman ku riƙe wannan. Ka nemi a rubuta maka abin da anka tsayar da Hausa kafin ka bar wurin. Chaina na gabanmu da awa 7, Indiya da awa 4 da rabi, Turkiyya da awa 2, don haka zaman Chaina na safe ne, daga bayan asuba zuwa wajen ƙarfe 10, in ka bari rana ta ɗaga za ka same su suna shirin tashi kuma mai shirin tashi bai da haƙurin jiran kurum ɗin kowa. Maganar caji da ta tafinta mace na kai ma manajan su da bakina, ya saurare ni da mutunci ya rubuta a takarda, ya ce layi na biyu na nan tafe, amma zuwa yanzu rabin awa rabin awa ɗin nan bai canza ba, saboda haka ka biya na awa guda tun farko ka ce kada kowa ya leƙo.